Kwana ɗaya cikin 31: abin da Gwaggo ke saya a wurin mai susu

Gwaggona tana sayar da waakye a bakin titi a Nima tun ina ɗan makarantar allo. Ƙarfe uku na dare take ɗora tukunya, kafin a fito sallar asuba shinkafa da wake sun haɗu sun yi ja da karan dafi, kafin sha ɗaya na safe kuwa an kankare gindin tukunya. A daidai wannan lokaci ne wani mutum mai 'yar jaka a hammata yake tsayawa gaban teburinta. Ba abinci ya zo saya ba. Gaisuwa biyu, ta kwance bakin zani ta miƙa masa kuɗi, ya ciro kati ya yi alama a gida ɗaya, ya wuce wurin mai koko. Shi ne mai susu.

Duk wanda ya tashi a zango, ko Nima ko Mamobi ko Madina ko Aboabo a Kumasi, ya san katin nan. Gida 31 ne a jiki. Kullum ka zuba abin da kuka yi alkawari, wata ya ƙare a ba ka na kwana 30, na kwana ɗaya ya zama ladan mai tarawa. A 2018 Gwaggo sidi 20 take zubawa, ko kuma "dubu ɗari biyu" a bakinta, don har yau ba ta yarda da canjin kuɗin 2007 ba, lokacin da aka yanke sifili huɗu daga tsohon sidi. Ta zuba 620, ta karɓi 600.

A shekarar ne na gama karatu, kaina cike da lissafi, na zauna a bencinta ina cin waakye kyauta na ce zan wayar mata da kai. Na ce Gwaggo, banki shi ke biyan mai ajiya, ke kuma ke ce kike biya. Sidi 20 cikin 620 ya ɗan haura kashi 3 cikin 100, a ido ba yawa. Amma kuɗin ba wata guda suke yi a hannunsa ba, na ranar farko ne kawai ke yin wata, na ranar ƙarshe kwana ɗaya ma ba ya cikawa. In aka daidaita, kamar sidi 300 ne ya riƙe miki tsawon wata, kika biya shi 20. In aka buga a shekara, abin ya kusa kashi 80 cikin 100. Na faɗi wannan adadi da ƙarfi, don masu jiran layi su ji.

Ba ta ko ɗago kai daga kwanon shito ba. Ta ce, "To, Malam mai boko, ka gama? Miƙo mini ganyen nan."

Na ɗauka ba ta gane ba ne. Sai da aka yi wata uku na gane wanda bai gane ba.

Wayata ce ta faɗa kwata, ina neman sidi 400 in sayi wata. Na san Gwaggo tana ciniki, da idona nake gani. Na je gida da la'asar, na yi doguwar gaisuwa irin ta mai buƙata, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta buɗe hannuwa biyu ta ce, "Wallahi ɗana, ban da shi. Kuɗin duk na wurin mai susu, sai wata ya mutu." Ta rantse, kuma ba ta yi kaffara ba, domin gaskiya ta faɗa. Abin da ke bakin zaninta kuɗin shinkafar gobe ne. Na fito ina jin haushin mai susu, sai da na kai bakin babbar kwata abin ya faɗo mini: ashe ni ne ɓarawon da ake ɓoye wa kuɗin. Ni da ire-irena.

Mu ƙirga mutanen da ke da haƙƙi, ko suke ganin suna da haƙƙi, a kan cinikin mace ɗaya mai tebur a bakin titi. 'Ya'yanta huɗu. 'Ya'yan 'yan'uwanta, irina, mun fi goma. Ƙaninta da ke jiran biza shekara ta biyar ke nan. Dangin mijinta. Maƙwabciyar da gas ya ƙare mata. Baƙon da ya sauka daga arewa da sunan kakanni a bakinsa. Kowa ya san inda take zama, kowa ya san ƙarfe nawa take tashi daga kasuwa, kuma kowa ya san a wurinmu ba a cewa "ina da shi amma ba zan ba ka ba". Wanda ya faɗi haka ya sayi suna, kuma sunan zai bi shi har ranar da za a ɗauki gawarsa. Kuɗin da ya kwana a ɗaki, a zango, ba na mai ɗakin ba ne shi kaɗai. Na wanda ya riga ƙwanƙwasa ƙofa ne.

Saboda haka abin da Gwaggo ke saya da sidi 20 ɗin nan ba ajiya ba ce kawai. Tana sayen "babu" wadda ba ƙarya a cikinta. Tana sayen damar hana ni ba tare da ta ɓata da uwata ba. In ka auna da haka, sidi 20 a wata araha ce, domin ni kaɗai a yini ɗaya na zo neman 400, kuma ni da ku mun san yadda irin wannan bashi yake ƙarewa.

Daga baya na tarar ba mu kaɗai ba ne. A 2011 wasu masana tattalin arziki uku, Jean-Marie Baland da Catherine Guirkinger da Charlotte Mali, sun wallafa bincike a kan ƙungiyoyin ajiya da rance a Kamaru. Sun ga wani abu da ya ɗaure musu kai: kusan ɗaya cikin kowane rance biyar, wanda ya ci bashin yana da ajiyar da ta kai yawan bashin a wuri guda. Wato mutum yana da kuɗinsa a ajiye, maimakon ya cira, sai ya ranta ya biya ruwa mai yawa a kai. Da aka bi diddigi, dalilin da masu yin haka suka bayar shi ne: in dangi suka zo, sai ya nuna musu shi ma bashi ke kansa. Mutum ya biya kuɗi don a ɗauke shi matalauci. Da na karanta sai na yi dariya ni kaɗai, don Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba amma ta riga su sani, kuma tata hanyar ta fi sauƙi.

Sai dai tambaya ita ce, me ake tara kuɗin a yi da shi har ake wannan wahala? A nan ne maganar ta daina zama abin dariya. Talaka a Ankara kuɗinsa ɗiɗɗiga yake shigowa, amma manyan buƙatunsa dunƙule suke zuwa, kuma babu wadda ta kai haya. Dokar haya ta Ghana, ta 1963, ba ta yarda mai gida ya karɓi kuɗin gaba da ya wuce na wata shida ba. Je ka nemi ɗaki a Nima ko New Town ka karanta wa mai gida wannan doka, ka ga ko zai bari ka gama. Shekara biyu ake nema, in an yi maka mutunci shekara ɗaya, saboda masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa, kuma mai gidan shi ma da kuɗin yake ƙara gini ko ya gudu daga faɗuwar sidi. Ɗaki da falon Gwaggo a lokacin sidi 250 ne a wata. Sau 24, sidi 6,000, a rana ɗaya, a hannu.

Yadda take haɗa 6,000 daga ribar ludayi shi ne abin da ya fi burge ni. Sidi 600 ɗin da mai susu ke kawo mata ƙarshen wata ba ya kwana a ɗakinta. A ranar take kai shi adashin mata goma, kowacce 600, duk wata mace ɗaya ta kwashe 6,000. Ita kuma tun farko ta roƙi a sa kwasarta ta faɗo kusa da watan da haya ke ƙarewa. Daga bakin zani zuwa jakar mai susu, daga jakar zuwa uwar adashi, daga nan zuwa hannun mai gida. A duk tsawon tafiyar nan babu daren da kuɗin ya kwana inda ɗan'uwa zai same shi.

Ni kuwa da ilimina ban haƙura ba. Akwai wani ƙaramin kamfanin ajiya da rance da ya buɗe ofis kusa da mu, da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki da 'yan mata masu riga iri ɗaya, suna alkawarin riba duk wata. Gwaggo ta ce ita ba ta son kuɗin ruwa. Na ce to ki ajiye kawai, in ribar ta zo ki bayar sadaka, aƙalla ba za a yanke miki kwana ɗaya ba. Don ta rabu da ni ta ba ni sidi 1,500 da take tarawa gefe, na kai da hannuna. Ranar 31 ga Mayu 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a tashi ɗaya. Namu yana ciki. Na je na tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda manne a gilashi, da mata zaune a kan dakali riƙe da littattafan ajiya. Kuɗin ya fito daga baya, bayan cike-ciken takardu da layi da fiye da shekara guda ana jira. A tsakanin nan ɗiyarta ta samu gurbin karatun jinya, sai da aka sayar da zannuwa biyu da ba a taɓa ɗinkawa ba. Gwaggo ba ta taɓa yi mini gori ba. Na fi son da ta yi.

Ba ina cewa masu susu mala'iku ba ne. Kowace unguwa tana da labarin wanda ya tara na wata guda ana gab da Sallah ya ɓace. Akwai ƙungiyarsu ta ƙasa, GCSCA, kuma tun 2011 Babban Banki ya sa su cikin tsarin da yake sa wa ido, amma ban taɓa ganin mai waakye ta nemi a nuna mata takardar rajista ba. Abin da take dubawa daban ne. Mai susun Gwaggo uwarsa tana nan a unguwa, an san sahun da yake tsayawa a masallaci, an san makarantar da 'ya'yansa ke zuwa da yamma. In ya gudu, ya bar duk wannan a baya. Kamfanin gilashi kuwa ba wanda ya san gidan uwar manajansa. A kasuwar zango jinginar da ta fi kowace ƙarfi ita ce a san inda za a je a yi maka kuka.

Akwai wani littafi kuma da Gwaggo ke ɓoyewa a ƙasan akwati, wanda ɗiyarta ke rubuta mata. Littafin biki ne. Ranar auren babbar 'yarta an zauna an rubuta kowa da abin da ya kawo: wance sidi 50, wance zani, wance kula. Baƙo zai ce kyauta ce. Mu mun san ba kyauta ba ce, domin ranar da wance za ta aurar ko ta yi suna, sai an buɗe littafin nan an duba, a mayar mata, kuma kunya ce a mayar daidai, sai an ɗora wani abu. Haka ma yayi: uwar biki ta sayo atamfa da yawa a farashin sari ta raba wa ƙawaye da ɗan ƙari a kai, kowa ta san da ƙarin, ba mai magana, don gudummawa ce da aka naɗe cikin zani. Mazan unguwa suna yawan kuka da wannan, malamai ma sun sha yin wa'azi a kan almubazzaranci, kuma akwai gaskiya a ciki, na ga matan da yayi ya jefa cikin bashi. Amma mace da ta shekara ashirin tana zuwa bikin mutane ba yawo take yi ba. Ajiya take zubawa a gidaje hamsin, wadda ba wanda zai iya zuwa ya ranta, kuma za ta dawo mata a ranar da ta fi bukata.

Shekarar 2022 ce ta girgiza duk wannan gini. A farkon shekarar dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin Nuwamba ta ninka har ta wuce. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100. A adashin su Gwaggo, wadda ta kwashe a Janairu da wadda ta kwashe a Oktoba duk adadi ɗaya suka karɓa a takarda, amma ta farkon ta sayi buhunan shinkafa kusan ninki biyu na ta ƙarshen. Ba wanda ya cuci wani, amma an yi cuta. Matan da suka shekara goma ba su taɓa musu a kan layi ba, sai ga shi kowa tana da uzurin da zai sa a ba ta farko. Da za a sake sabon zagaye, sai suka bar lissafi da sidi: kowace ta kawo kuɗin galan ɗin mai a farashin ranar, ko nawa ya kai. Ba wanda ya koya musu. Littafin biki ma ya sha wuya, don wadda ta kawo miki 50 a 2020, in kika mayar mata da 60 a 2023 kin ƙara a rubuce, kin rage a kasuwa, kuma ta sani.

A teburin waakye kuwa, farashi bai tashi yadda olonkar wake ta tashi ba, ludayi ne ya rame. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "In na ce na biyar ya koma bakwai, faɗa za a yi da ni a gaban mutane. In na rage, sai mutum ya ci ya ce ƙara mini na biyu." Kuɗin ɗaya ne ya fita daga aljihunsa, amma a na biyun shi ya nema da bakinsa.

Sai maganar MoMo. Tun da aka kawo kuɗin waya Ghana a 2009 ake cewa kwanan mai susu ya ƙare, kuma a lissafi haka ya kamata: ba mai gudu da jaka, ba mai yanke maka kwana ɗaya, kuɗin cirewa kusan kashi 1 cikin 100 ne. Ni na buɗe wa Gwaggo, karo na biyu ke nan ina kawo mata ci gaba. Ta yi wata biyu tana zuba ribarta a ciki, sannan ta koma wa mutuminta. Harajin E-Levy da aka fara a Mayun 2022, kashi 1.5 cikin 100, aka rage shi zuwa 1 a 2023, aka soke shi a Afrilun 2025, ya ƙara mata hujja, amma ba shi ne dalili ba. Dalilin shi ne waya ba ta da ƙarshen wata. Da, mai roƙo sai ya yi wanka ya shiga trotro ya zo ya zauna ya yi gaisuwa, wannan kansa wani shinge ne, ba kowace buƙata ce ta kai a yi mata wannan tafiya ba. Yanzu daga Tamale ko Kasoa, ƙarfe goma na dare, sai ka ji: "Hajiya, ko 50 ne turo mini ta MoMo." Kuma ba za ta iya rantsuwa ta ce babu ba, alhali yana cikin wayar da take amsa kiran da ita. Yanzu tana karɓar MoMo daga masu sayen abinci, amma kafin sha ɗaya ta aiki yaro ya ciro, ta miƙa wa mai jaka.

Ina da abin da ke damuna a cikin wannan tsari, kuma ba zan ɓoye ba. In kowa ya kulle kuɗinsa don kada a roƙe shi, ina wanda buƙatarsa ta gaskiya ce zai je? Zumuncin nan da muke gudu shi ne asibitinmu, shi ne fanshonmu, shi ya biya mini kuɗin jarrabawa lokacin da mahaifina ya kwanta. Mutanen da suka zo baƙunta ƙasar nan shekara ɗari da suka wuce da fataucin goro da shanu, ba gona ba gadon ƙasa, da wannan suka rayu. Amma kuma na ga yadda yake cinye jarin mai ƙoƙari tun bai tsaya da ƙafarsa ba, har ka ga mai shago yana ƙin cika kanta da kaya don kada a ce ya samu.

Amsar da na samu ba daga littafi ba ce. Wani dare aka kwantar da ƙanwata a asibiti, haihuwa ta zo da gardama, ana neman kuɗi kafin gari ya waye, abin da katin inshora bai ɗauka ba. Wata yana tsakiya. Na je wurin Gwaggo ba don ina sa rai ba, don na riga na san amsar. Ba ta ce komai ba, ta yafa mayafi ta ce in riƙe mata tocila. Muka bi lungu har ƙofar gidan mai susu, ta buga. Ya fito da jallabiya yana mutsittsike ido. Ta ce, "Alhaji, yi haƙuri, na wata nake so yanzu, har da wanda ban zuba ba tukun." Ya koma ciki ya fito da kuɗi ya ƙirga mata, ya rubuta a bayan katinta. Ko minti goma ba a yi ba.

A hanyar dawowa na ce, "Gwaggo, ashe ana iya karɓa kafin wata ya mutu?"

Ta ce, "Ana iyawa mana."

"To ranar da na zo maganar waya fa?"

Ta ce, "Haska mini gabana, kar in faɗa kwata."

Ashe ƙofar tana da mabuɗi, kuma yana hannunta. Fitar dare, da buga gidan mutum, da jin nauyin roƙonsa, su ne kuɗin buɗewa, kuma ita ke auna wace buƙata ce ta kai a biya mata wannan. Wayata ba ta kai ba. Ƙanwata ta kai. Ƙarshen watan mai susu ya cire abin da ya bayar, ya cire kwanansa ɗaya kamar kullum.

Yau shekara uku ke nan ni ma ina da kati, ni da na yi wa mutane lacca a kan kashi 80 cikin 100. Albashi nake ɗauka, yana shiga banki, amma ƙannena sun san ranar da yake shiga fiye da yadda na sani.

Makon jiya na biya ta wurin Gwaggo na tarar da ita shiru. Mai gida ya aiko: haya za ta ƙare bayan Babbar Sallah, kuma ɗakin ya tashi. Na ce ai sidi ya farfaɗo, dala ta sauka, me zai sa ya ƙara? Ta ce ta faɗa masa haka, ya ce shi ba da dala ya gina ba. Muna cikin magana mai jaka ya iso. Ta kwance bakin zani, ta ƙirga, ta tsaya, ta sake zura hannu cikin robar canji ta ƙaro.

Ta ce, "Alhaji, daga wata mai kamawa a buɗe mini sabon kati. Na saba'in."

Ya ce, "Za ki iya, Hajiya?"

Ta dubi tukunya, ta dubi ludayin da ke hannunta, ta ce ya rubuta.